Teku ta kewaye su, amma jirgi ke kawo musu ruwan sha: dabara ce ko asara?

Abban_Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a dace da wanda ya sani. Wani abokina da ke ci-rani a Girka ne ya turo mini hoton jirgin ruwa ya tsaya a gaɓar tsibirin da yake aiki, an ja wani ƙaton tiyo daga cikinsa zuwa tudu. Na ɗauka mai ake saukewa. Ya ce a'a, ruwan sha ne, kuma duk ran da jirgin ya yi latti famfon garin ɗaukewa yake yi. Abin ya ɗaure mini kai. Mutanen da teku ta kewaye su gabas da yamma, kudu da arewa, a ƙasar Turai mai injiniyoyi, a ce sai an yi musu dakon ruwa kamar yadda ɗan garuwa ke yi mana? Me ya hana su tace na tekun su huta? Ni a ganina asarar kuɗi ce. Wanda ya san yadda abin yake don Allah ya fahimtar da ni.

Ummu_Safwan: Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Allah Ya kawo musu sauƙi.

Injiniya_Kabiru: Abban Hanifa, tambayarka tana kan hanya. Bari mu fara daga tushe. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, na Bahar Rum ma ya ɗan fi haka. Wanda ya sha shi ƙishi zai ƙaru, don ƙoda sai ta fitar da ruwan da ya fi wanda aka sha kafin ta rabu da gishirin. Ba a ba dabba, ba a ba shuka. To yawancin ƙananan tsibiran Girka, irin na rukunin Cyclades da Dodecanese, duwatsu ne tsagwaronsu. Babu kogi, babu fadama, ɗan ruwan saman da ya sauka nan da nan ya gangara teku. Rijiyoyin da ke bakin gaɓa kuma in aka matsa musu da ja, ruwan gishiri ne ke kutsowa ta ƙarƙashi ya maye gurbin mai daɗin, kuma rijiyar da ta yi zartsi ta wannan hanya takan daɗe ba ta dawo ba. Shi ya sa gwamnatin Girka ta yi shekaru da dama tana biyan kuɗin dakon ruwa daga yankin Atina zuwa ƙananan tsibiran Cyclades, daga tsibirin Rhodes kuma zuwa maƙwabtansa irin su Symi.

Ɗan_Damagaram: Injiniya, gafara dai. An ce a watan Yuli da Agusta ne abin ya fi tsanani. To ai lokacin tsakiyar damina ne, ina ruwan saman yake tafiya?

Injiniya_Kabiru: Nan ne bambancin yake, ɗan'uwa. Su nasu a juye yake. Ruwansu da sanyi yake sauka, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Lokacin da mu muke shuka da noman farko, su sama a bushe take ƙayau, ga zafi. Kuma a daidai wannan lokaci ne 'yan yawon buɗe ido ke kwararowa. Ɗauki Santorini: mazaunanta ba su wuce dubu 15 da 'yan kai ba, amma baƙin da ke zuwa a shekara miliyoyi ne. Ranar da ruwa ya fi ƙaranci ita ce ranar da bakunan sha suka fi yawa.

Ɗan_Damagaram: To yanzu na gane. Na gode.

Tsohon_Matuƙi: Salamu alaikum. Ni na yi shekaru ina aiki a jiragen dakon kaya, kuma na taɓa zama a jirgin da aka yi hayarsa ya ɗauki ruwa na 'yan watanni. Mutane na ganin kamar cika tanki ne kawai a tashi. Wallahi ruwa ya fi mai wuyar sha'ani. Mai ba ya damuwa da wari, ruwa kuwa duk abin da ya taɓa zama a tankin sai ya tona shi. Kafin a loda sai mun shiga cikin tankunan da fitila da burushi, a wanke, a ɗauraye, a sake wankewa, ma'aikatan lafiya su zo su ɗebi samfuri a kwalba. In aka isa can kuma a sake ɗiba. Sakamako bai fito ba, ba ka buɗe bawul. Kuna zaune, rana na dukan ƙarfen jirgi, ruwan na ɗumi, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta na raguwa.

Ga misalin da duk wanda ke wannan harka ya sani. Daga 1995 zuwa 1997 an yi ta dakon ruwan kogin Ebro daga Tarragona zuwa tsibirin Mayorka na Sifaniya. Lodin farko zubar da shi aka yi, saboda ya ɗauki warin fentin da aka shafa wa tankunan. Jirgi guda, mutane na jira, aka zubar.

Sai kuma iska. A tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya akwai wata iskar arewa da suke kira meltemi, ita ma a bazara take tasowa, takan yi kwanaki tana bugawa ba sassauci. Ƙaramar tasha ba ta shiguwa a irin wannan yanayi. Na sha ganin mutane tsaye a bakin gaɓa suna hangenmu, mu ma muna hangensu, ruwansu na ƙarƙashin ƙafafunmu, amma kyaftin ba zai kusanci dutse da jirgi ba.

Ummu_Safwan: Baba Matuƙi, wannan maganar ta ƙarshe ta taɓa ni. Allah Ya saka muku da alheri, shayar da ruwa ba ƙaramar sadaka ba ce ko da albashi ake biyan mutum.

Abban_Hanifa: Baba, ai ka ƙara ƙarfafa maganata. In wahalar ta kai haka, ga zubarwa ga jiran iska, me ya sa ba za a kafa injin tace ruwan teku ba a wuce wurin?

Zee_Lefkosa: Bari in sa baki, ni ina karatu a arewacin Saifurus. Mu nan ba jirgi ke kawowa ba, bututu ne daga Turkiyya. An buɗe shi a 2015. Ruwan na tasowa daga madatsar Alaköprü a yankin Anamur, ya ratsa teku wajen kilomita 80 ya zuba a madatsar Geçitköy. Abin mamakin shi ne bututun ba a ƙasan teku yake kwance ba, rataye yake a cikin ruwa a zurfin mita 250, an ɗaure shi da igiyoyi zuwa ƙasa. An tsara shi ya kawo lita biliyan 75 a shekara. Matar da nake haya a gidanta ta ce kafin zuwansa ruwan famfo zartsi gare shi, ko shayi ba a dafawa da shi. Har yanzu kusan kowane gida da tankinsa a kan rufi, kuma na sha saye muke yi a manyan robobi.

Sadiq_Fagge: Ai na ji labarin, wannan ne bututun da aka ce ya gaza da 'yan mitoci jirgi ya kasa sauke ruwa ko?

Zee_Lefkosa: A'a Yaya Sadiq, ka haɗa labari biyu. Wancan a kudancin tsibirin aka yi, a 2008, lokacin da fari ya kusa ƙafar da madatsunsu har da Kouris, babbar cikinsu. Suka ƙulla yarjejeniya da Girka a kawo musu lita biliyan 8 a jiragen ruwa zuwa Limassol. Jirgin farko ya iso, sai aka tarar bututun da zai karɓi ruwan daga teku zuwa tudu bai kai ba. Ya yi kwanaki yana jira, kafin a gyara ruwan ya canza, ba a raba wa gidaje shi ba. Namu na arewa daban ne. Amma shi ma ya taɓa tsinkewa a cikin teku a farkon 2020, aka yi watanni kafin a gyara, madatsar ta ja baya sosai.

Sadiq_Fagge: Na karɓi gyara, 'yar'uwa. Allah Ya ba da sa'ar karatu.

Injiniya_Kabiru: Misalin da Zee ta kawo zai taimaka mana da lissafi. A shekarar 2008 ɗin dai, birnin Basilona ma sai da aka kawo masa ruwa a jirgi daga Tarragona da Marseille, duk da shi ba tsibiri ba ne. Shekara ta zagayo, 2009, suka buɗe matatar ruwan teku ta El Prat mai iya fitar da lita miliyan 200 a rana. Ku raba lita biliyan 8 da miliyan 200: kwana 40. Wato abin da jirage za su yi watanni suna jigila, matata ɗaya za ta fitar a kwana 40. Don haka ga babban tsibiri ko babban gari, Abban Hanifa ya yi gaskiya, jirgi ba mafita ba ne.

Amma ga ƙaramin tsibiri lissafin ya sha bamban. Injin yana tura ruwan teku ne da matsi mai ƙarfi ta cikin wata irin rariya mai ƙofofin da gishiri ba ya iya wucewa. Kowace lita 1,000, wato jarka 40 ta lita 25, takan ci wutar da ta kai yunit 3 zuwa 4. Tsibirai da yawa da man dizal suke samar da wutarsu, shi ma jirgi ke kawo shi. Sannan rariyar na toshewa, sai an wanke, sai an canza, sai da ma'aikacin da ya iya. Tsibirin da mazaunansa ɗari biyu ko uku ne, yawanci tsofaffi, wa zai zauna ya kula da shi? In ka sayi injin da zai ishi jama'ar Agusta, wata tara zai yi yana zaman banza. In ka sayi na daidai mazauna, Agusta ta zo ya gaza.

Maman_Nur_Sisili: Ni ba lissafi zan yi ba, abin da idona ya gani zan faɗa. Muna zaune a lardin Agrigento a tsibirin Sisili na Italiya. Bazarar 2024 ba zan manta da ita ba. Ruwa rabo-rabo ake saki, unguwa ta yi kwanaki ba ta gani ba. Ranar da aka sake shi, ko ƙarfe ukun dare ne sai na tashi, in ji ƙarar shigarsa tanki, in cika bokitai da tukwane har da bahon wankan yara. Ruwan da na wanke shinkafa da shi nake zuba wa 'yan shukokina, na wankan yara kuma a kai banɗaki. Maƙwabciyata tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar jarka, ɗana ke hau mata da ita bene.

A watan Yuli jirgin sojan ruwan Italiya mai suna Ticino ya kawo lita miliyan 1.2 tashar Licata. An nuna a talabijin, mutane sun ji daɗi. Amma Licata kaɗai tana da mutum sama da 30,000. Ku raba ku gani, bai wuce lita 40 ga kowa ba, na yini ɗaya. Ban raina ba, da babu gara ba daɗi. Sai dai wanda ya ce jirgi zai shayar da Sisili bai san girmanta ba.

Injiniya_Kabiru: Hajiya, sannu da haƙuri. Kuma akwai abin da ya fi ciwo. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Italiya sun nuna sama da kashi 40 cikin 100 na ruwan da ake turawa cikin bututun ƙasar yana salwanta kafin ya kai gidaje, a Sisili ma ya ɗan haura rabi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ka ɗauko ruwa daga nesa da tsada ka zuba a bututun da ke yoyo.

Maman_Nur_Sisili: Wallahi haka ne Injiniya. A layinmu akwai inda kwalta ke jiƙewa duk ranar da aka saki ruwa, ciyawa har ta fito a wurin.

Malam_Sabo_Tudunwada: Ni inda hankalina ya tafi daban ne. Kowa na maganar yadda za a kawo, ba wanda ya tambayi wa ke shanyewa. Ƙanena ya yi aikin wanke-wanke a wani otal a ɗaya daga cikin tsibiran nan. Ya ce kullum sai an wanke tawul da zanen gado, ga wurin ninƙaya cike fal, ga baƙo ya dawo daga teku ya tsaya ƙarƙashin shawa yadda ya ga dama. A bayan otal ɗin kuma akwai wani dattijo mai 'yan awaki da gonar tumatir, ya bar gonar ta bushe don ba ruwa. In kuɗin jama'a ne ke biyan jirgi, to wa aka yi wa dakon? Mai awaki ko mai otal? Wannan ba adalci ba ne.

Bilkisu_A: Malam Sabo, na fahimce ka, amma a duba ɗaya ɓangaren. 'Ya'yan wannan dattijon a ina suke aiki? Wataƙila a otal ɗin. Abin da suka samu a wata huɗu shi suke ci shekara. In aka kori baƙi, matasa za su tattara su koma Atina, tsibirin ya zama kufai. Ka tuna tsibirin Capri a watan Yunin 2024: bututun da ke kawo musu ruwa daga babban yankin Italiya ya samu matsala, magajin gari ya hana jiragen 'yan yawon buɗe ido sauke mutane. Ko kwana ɗaya dokar ba ta yi ba aka janye da ruwa ya dawo, don kowa ya san abin da rufe ƙofar ke nufi.

Malam_Sabo_Tudunwada: Ban ce a kore su ba, Malama Bilkisu. Cewa na yi wanda ya fi sha ya fi biya, kuma mai wurin ninƙaya ya cika shi da ruwan teku, ga shi nan a ƙofarsa. Kuma kafin a ba da izinin gina sabon otal a fara tambaya ina ruwansa.

Bilkisu_A: A kan wannan ba mu da saɓani.

Ɗan_Damagaram: Mu da muka tashi muna bin layin famfo da asuba, wannan labarin ba baƙo ba ne. Bambancin kawai nasu ɗan garuwan jirgi ne, namu kura yake turawa.

Sadiq_Fagge: Ai kai dai bari. Unguwarmu famfo ya fi shekara bai zo ba, kuma mu ba teku ce ta raba mu da madatsa ba. Ran da babu wuta masu burtsatse ba su tayar da inji ba, sai ka ga kura goma a layi, kuɗin jarka ya tashi nan take.

Admin_Garba: Jama'a a yi haƙuri, matsalar ruwan unguwanninmu ta cancanci zaurenta daban, kuma za mu buɗe shi in sha Allahu. Mu koma kan tambayar Abban Hanifa.

Hajiya_Mai_Atamfa: To bari in mayar da mu. Duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara ya yi wanka da ruwan teku da aka tace, ko bai sani ba. Ban da Zamzam, yawancin ruwan famfon Makka da Jidda daga matatun bakin Bahar Maliya yake zuwa, irin ta Shu'aiba. Kuwaiti ma kafin shekarun 1950 a jiragen katako ake kawo musu ruwa daga kogin Shattul Arab na Iraƙi, da kuɗin mai ya zo suka kafa matatu suka daina. Ina ganin kowa da dako yake farawa, in ya samu hali ya bari.

Injiniya_Kabiru: Gaskiya ne Hajiya. Lanzarote a tsibiran Kanari na Sifaniya ma haka, jiragen soja sun sha kai musu ruwa kafin a kafa matata a 1964, wadda ake lissafawa ta farko a Turai da ta shayar da gari. Tsibiran Girka da yawa su ma yanzu sun samu injinan, dakon ya ragu ƙwarai in aka kwatanta da da. Sai dai Saudiyya da Kuwaiti makamashi a gida suke da shi. Kuma akwai ragowar ruwan: wajen rabin abin da aka ja daga teku yana komawa da gishiri kusan ninki biyu. In aka zubar da shi a lungun da igiya ba ta motsawa, sai ya kwanta a ƙasa ya lalata ciyawar teku inda kifi ke hayayyafa. Masunta na kuka da wannan.

Almajirin_Malam: Ƙarin bayani kaɗan, tun da an ambaci wanka. Ruwan teku mai tsarki ne kuma yana tsarkakewa, hadisi ya tabbatar. Don haka 'yan'uwanmu da ke can in ruwa ya yi wuya za su iya alwala da shi, su adana mai daɗin don sha da girki.

Abban_Hanifa: Allah Ya ƙara ilimi. Zan isar wa abokina.

Tsohon_Matuƙi: Akwai abin da nake so Injiniya da Hajiya su sa a lissafinsu. Inji yana lalacewa. A watan Disamba na 2014 gobara ta tashi a matatar ruwan Malé, babban birnin Maldives. Gari ne a kan ɗan tsibiri, mutum sama da 100,000, dare ɗaya famfo ya ƙafe. Me ya cece su? Jiragen sama da na ruwa daga Indiya da wasu ƙasashe. A Mayotte ma, tsibirin da ke ƙarƙashin Faransa, a 2023 da fari ya yi tsanani har ana ɗauke ruwa kwana biyu cikin uku, ruwan roba aka yi ta lodowa a jirage. Ƙasar da ta sayar da jiragen ruwanta don ta sayi inji, ran da injin ya tsaya za ta nemi haya ido rufe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tankin da zai ɗauki ruwan sha ba a shirya shi a kwana biyu, na gaya muku yadda ake wanke shi.

Zee_Lefkosa: Baba, an ce a da har wasu manyan jakunkuna ake cikawa da ruwa a ja su a kan teku zuwa nan, gaskiya ne?

Tsohon_Matuƙi: Gaskiya ne 'yata. A ƙarshen shekarun 1990 aka gwada, daga Turkiyya zuwa wurinku, a Girka ma an ja irinsu zuwa tsibirin Aegina. Ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, don haka jakar na yawo a saman teku, ƙaramin jirgi na janta. Dabarar ta yi kyau, amma teku ba ta da sabo. Igiyar ruwa ta sha yaga su, a ƙarshe aka bari.

Ummu_Safwan: Ni tambayata, kakanninsu da ba jirgin tanka ba inji, yaya suka rayu?

Maman_Nur_Sisili: Ummu Safwan, na ga amsar da idona a tsofaffin gidaje. Rufin a shafe yake, an karkata shi zuwa indararo, indararon ya zuba a wani rami da aka gina aka shafe a ƙarƙashin tsakar gida. Ruwan sanyi suke tarawa su ci bazara da shi, da guga ake ja, kowane ɗigo a lissafe. Da famfo ya zo, da yawa aka rufe ramukan, wasu aka mai da su ɗakin ajiya. Maƙwabciyar tawa ta ce mahaifiyarta da kwano ɗaya take wanke yara uku.

Malam_Sabo_Tudunwada: To kun ji. Wancan ramin na mutum goma ne a gida. Ba zai ɗauki baƙo dubu ba.

Abban_Hanifa: Na gode ƙwarai jama'a. Na janye kalmar asara a kan ƙananan tsibirai da lokacin larura, Baba Matuƙi ya gamsar da ni. Amma inda aka shekara ashirin ana hayar jirgi duk bazara alhali kuɗin zai kafa inji ya gyara bututu, har yanzu raina bai kwanta ba. Yanzun nan abokin nawa ya turo saƙon murya. Ya ce iska ta lafa da asuba, jirgin ya shigo bayan kwana uku, famfo ya dawo wajen azahar, da farko ja-ja saboda tsatsa, sai da suka bar shi ya zuba kafin su tara. Sun cika duro biyu da duk robar da ke ɗakin.

Injiniya_Kabiru: Ka tambaye shi ko tsibirin na da injin tacewa ya lalace ne, ko babu shi sam. Kuma mutum nawa ke kwana a can da sanyi.

Abban_Hanifa: Na tura masa. Yana bakin aiki, sai dare zai amsa.